ƘUSA HUƊU DA CURIN ULU: ASIRIN 'YAR MASAƘAR YARA

Masu iya magana sun ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Abin da za mu duba a filinmu na wannan mako gajere ne ƙwarai, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma duk wanda ya gane yadda yake aiki, to, ya gane asirin manyan injunan da suke saƙa safa da singileti da rigunan sanyi a masana'antun duniya. Wannan abu kuwa shi ne 'yar masaƙar wasan yara, watau ɗan katako mai rami a tsaka da ƙusa huɗu a ka, wanda yaro kan riƙe a hannu ɗaya ya saƙa igiyar ulu da shi. Mutanen Ingila suna ce wa wannan wasa saƙar Faransa, Jamusawa kuwa sukan sassaƙa katakon da siffar 'yar tsana su shafe shi da fenti.

Za mu ɗora maganar a kan Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, saboda dalili biyu. Na farko, wanda ya taɓa kwana a waɗannan garuruwa cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira hunturu. Iska takan taso daga Sahara ba dutse ba daji mai tare ta, ta ratsa fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ta iske mutum a ɗaka da asuba. A irin wannan lokaci hular jariri da safarsa sun fi ƙarfin ado, magani ne. Na biyu, ƙasar ta masu aikin zare da kaba ce tun kaka da kakanni: masunta na bakin kogin Yobe, da masu tabarma da faifai, da masu tukar igiya. Yaron da ya tashi a nan ba baƙo ba ne ga saƙa, abin da ya rage kawai a nuna masa inda wannan ta bambanta da waɗanda ya saba gani.

SAƘA UKU, SUNA ƊAYA

Bahaushe ya tara ayyuka da dama ya ba su suna guda, ya ce saƙa. Amma in aka lura, aƙalla iri uku ne, kowanne da tasa dabara.

Akwai saƙar masaƙi. Shi zare biyu yake haɗawa: na tsaye, wanda ya yi wadarinsa ya miƙar, da na gicciye, wanda ƙoshiya take kai da kawowa da shi, wani ya hau wani ya sauka. Saƙar tabarma ma danginta ce. Abin da aka saƙa haka yana da ƙwari, amma ba ya miƙewa in an ja shi.

Akwai saƙar masunci. Wanda ya tsaya ya kalli mai gyaran taru ko koma a Gashuwa zai ga ƙulli yake yi a kowane ido. Shi ya sa in kifi ya tsinka wuri ɗaya, ɓarnar takan tsaya nan, don ƙullin da ke kewaye ya tare ta.

Sa'an nan akwai ta uku, saƙar ulu, wadda mata suke yi da kibiya biyu, ita ce kuma 'yar masaƙar nan take yi. A nan zare ɗaya ne tak tun daga farko har ƙarshe, kuma babu ƙulli ko ɗaya a tsakani. Zaren ne yake lanƙwashewa ya yi kamar zobe, sai a jawo wani sabon zoben ta cikinsa, shi ma a jawo wani ta cikinsa, haka har abu ya yi tsawo. Kowane zobe na gabansa ne yake riƙe da shi. Wannan shi ne asirin gaba ɗaya, mai karatu ya riƙe shi da kyau, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa yake tafiya: sabon zobe ta cikin tsoho.

Daga nan ne saƙar ulu ta sami halayenta biyu da kowace uwa ta sani. Tana miƙewa, don zobba suna da sararin buɗewa su koma, shi ya sa hula ɗaya takan shiga kan yaro bana ta kuma shiga baɗi. Tana kuma warwarewa, don in zobe ɗaya ya kuɓuce, na ƙasansa ya rasa mai riƙe shi, shi ma ya saki na ƙasansa, sai ka ga layi ya tsage a jikin safa tun daga sama har ƙasa. Ɗuminta kuwa daga iskar da take maƙalewa a tsakanin zobban nan yake zuwa, domin iska mai zama wuri ɗaya ba ta barin zafin jiki ya fice da sauri.

KAYAN AIKI

Asalin katakon da ake amfani da shi kwarkwaron zaren keken ɗinki ne, watau ɗan katakon nan mai baki biyu da ake naɗe zare a jikinsa. Kamfanonin zare na garin Paisley a ƙasar Sikotilan, irin su Clark da Coats, su ne suka cika duniya da shi tun ƙarni na 19. Hanyar da irin waɗannan kaya suka bi zuwa arewacin Yobe sananniya ce. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru ya tsaya, garin ya zama ƙarshen tasha. Jirgi yakan kwashi gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama, ya dawo da yadi da keken ɗinki da zare da ƙusa, daga nan 'yan kasuwa su wuce da su Gashuwa da Gaidam da ƙetaren iyaka cikin Nijar. In tela ya ƙare zare, kwarkwaro ya zama na yara.

Yanzu kam roba ta kori katako, kwarkwaron roba kuwa ba ya karɓar ƙusa. Wannan ba abin damuwa ba ne. Kowane kafinta zai iya yanko guntun katako mai tsawon inci biyu ko uku, ya huda shi a tsaka daga sama har ƙasa, ramin ya kai faɗin ƙaramin yatsa, ya goge shi sumul don kada ya riƙa kama zare. Sai a sami ƙananan ƙusoshi huɗu masu ƙaramin kai, a kafa su kewaye da bakin ramin, tsakaninsu daidai wa daida kamar kusurwoyin ɗaki, a bar kamar rabin inci a waje. Ƙusa mai faɗin kai ba ta yi, don zobe zai riƙa maƙalewa a wuyanta. Abin da ya rage shi ne curin ulu, da abin ɗaga zare: kwarashi, ko basilla da aka dakushe bakinta, ko ma tsinke mai ƙwari da aka feƙe.

YADDA AKE YI

Da farko a zura bakin zare ta cikin ramin daga sama, ya fito ta ƙasa, a bar kamar taƙi guda yana reto. Wannan shi ne wutsiya, tana da aiki babba nan gaba. A riƙe katakon da hannun hagu, a danne wutsiyar da ɗan yatsa.

Na biyu, a ɗauki zaren da ke zuwa daga curi a naɗa wa ƙusa ta farko sau ɗaya, a wuce ta biyu a naɗa mata, haka ta uku da ta huɗu, duk ta fuska guda. Yanzu kowace ƙusa tana da zobe ɗaya a wuyanta. A tura zobban ƙasa su kwanta a kan katako. Kada a ɗaure su tamau.

Na uku, nan ne saƙar kanta. A kawo zare a gitta shi ta bayan ƙusa ta farko, watau ta gefen da yake kallon waje, a saman zoben da yake can. Ka ga ƙusar tana da zare biyu ke nan, tsoho a ƙasa, sabo a sama. Sai a sa kwarashi a kamo tsohon zoben na ƙasa, a ɗaga shi ya tsallake sabon zaren, ya tsallake kan ƙusa, a sake shi ya faɗa wajen ramin. Da faɗawarsa ya rungume sabon zaren, sabon kuma ya zama zoben da ke wuyan ƙusa. Sabon zobe ta cikin tsoho, kamar yadda muka faɗa.

Na huɗu, a juya katakon kaɗan ƙusa ta biyu ta zo gaba, a yi mata yadda aka yi wa ta farko. Haka ta uku, haka ta huɗu. An yi zagaye ɗaya ke nan, an sami zobe huɗu. A ja wutsiya a hankali, a sake komawa kan ta farko.

Nan ne ake gane yaro mai haƙuri. Zai yi zagaye goma ko fiye bai ga kome ba, don abin da ya saƙa yana ɓoye cikin ramin. Can sai kan igiya ya leƙo ta ƙasa, mulmulalliya, mai laushi, da layi huɗu na ado a jikinta. Daga wannan lokaci sai dai a ƙwace katakon daga hannunsa in za a ci tuwo.

In igiya ta kai tsawon da ake so, kada a zare ta haka kawai daga kan ƙusoshin, don nan take za ta fara warwarewa. A yanke zare a bar taƙi guda, a zura bakinsa ta cikin zobban nan huɗu ɗaya bayan ɗaya ana cire su daga ƙusa, sa'an nan a ja a tsuke. Wannan ne kaɗai ɗaurin da ke cikin aikin.

DON ME TAKE AIKI?

Kowane ɓangare na wannan ɗan abu yana da dalilinsa, kuma malamin da zai koya wa yara ya kamata ya tambaye su dalilin kafin ya faɗa musu.

Ƙusoshi aikinsu riƙo. Mai saƙa da kibiya tana tara zobbanta duka a jikin kibiya ɗaya, in ta yi sakaci su zube. A nan kowane zobe yana da turkensa, ba ya zuwa ko'ina sai an ɗaga shi. Shi ya sa yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya, alhali kibiya biyu sai hannu ya nuna.

Ramin tsaka shi ne hanyar fita. Da yake ana bin ƙusoshin a kewaye ne, ba a kai a komo ba, zoben ƙusa ta huɗu yana haɗe da na ta farko, saboda haka abin da yake fitowa bututu ne, mai rami a ciki. Wanda yake shakka ya zura tsinke ta tsakiyar igiyar, zai ga ya wuce. Yawan ƙusa shi yake yanke faɗin bututu: huɗu igiya, takwas abin da zai shiga yatsa, in kuwa aka kafa talatin ko arba'in a bakin babban zoben katako, bututun zai shiga kai. A tsuke bakinsa ɗaya, hula ta samu.

Jan wutsiya kuwa shi yake daidaita zobba ya saukar da tsofaffi cikin rami, don su ba sababbi wuri. Masaƙin gargajiya ya san wannan, shi ya sa yake ɗora dutse a kan kunkuru don zarensa ya zauna a miƙe. Duk na'urar da take aiki da zare tana bukatar abin da zai ja mata shi daidai, ba sako-sako ba tamau.

Kurakuran masu koyo ma daga nan suke fitowa. Wanda ya matse zare zai kasa ɗaga zobe, har ƙusa ta tanƙware. Wanda ya ajiye aiki ya dawo ya bi ta baya zai ga rami a jikin igiya. Maganinsa a duba ƙusar da zaren curi ya fito daga gare ta, ita ce ta ƙarshe da aka yi, sai a ci gaba daga mai bi mata. Wanda ya tsallake ƙusa zai sami igiya mai ɗingishi. Wanda kwarashinsa ya tsaga zare biyu zai ga gashi-gashi a wurin.

MAI HANNUN JUYAWA

Akwai ƙanwar wannan masaƙa ta zamani, ta roba, wadda ake sayarwa a kantunan kayan saƙa. Ita tana da hannu a gefe da ake juyawa kamar injin taliya 'yar murji, igiya tana zuba ta ƙasa. Mai kallo zai ce wani sihiri ne dabam, alhali aikin nan ne dai na ƙusa da kwarashi aka ɗora wa ƙarfe.

A maimakon ƙusa huɗu, allura huɗu gare ta a tsaye. Kowace allura kanta ƙugiya ne, a ƙarƙashin ƙugiyar kuma akwai wani ɗan harshe na ƙarfe mai lilo, wanda in ya tashi sama yakan rufe bakin ƙugiya, in ya kwanta ƙasa ya buɗe shi. Hannun da ake juyawa yana tura wasu haƙora, haƙoran su juya gangar da allurai suke ciki. A jikin bangon da ke kewaye da gangar an fitar da wata 'yar hanya mai hawa da gangara, kowace allura kuma tana da ɗan dunduniya da yake bin wannan hanya. Saboda haka duk allurar da ta zo kan tudu tilas ta ɗago, in ta wuce tilas ta nutse.

To, ga abin da yake faruwa. Allura tana ɗagowa, tsohon zoben da ke cikin ƙugiya ya zame ƙasa, ya ture harshen ya buɗe, ya wuce ya koma bayansa. A can sama ƙugiya ta cafki sabon zare. Allura ta fara nutsewa, tsohon zoben ya taso ta ƙarƙashin harshe ya tura shi sama, harshe ya rufe ƙugiya da sabon zare a ciki. Da yake baki ya rufu, tsohon zoben ba shi da abin da zai kama, sai ya bi ta kan harshe ya tsallake kan allura ya faɗa. Watau zaren da kansa yake buɗe ƙofa ya rufe, ba hannun kowa. A ƙasa kuma an rataya wani ɗan ƙarfe mai nauyi a wutsiya, shi yake yin jan da yaro yake yi da yatsa. In nauyin nan ya taɓa ƙasa, ja ya tsaya, nan da nan zare ya cukurkuɗe a kan allurai. Yawancin waɗanda suke cewa tasu ta lalace, wannan ne ciwon.

Akwai kuma manya, masu ƙugiyar roba 22 ko 40 ko 48 a kewaye. Su sun bi wata dabara dabam wajen riƙe tsohon zobe, amma hawa da gangarar nan da sabo ta cikin tsoho duk suna nan. Mu yi ɗan lissafi. A ce hula tana bukatar zagaye 100 a kan mai ƙugiya 48. Zobe 4,800 ke nan. Mai kibiya sai ta yi su ɗaya-ɗaya da yatsunta, mai injin kuwa juya hannu kawai za ta yi ta yi, kafin shayi ya huce ta yi nisa. Ga bambancin sana'ar hannu da ta inji a fili, a kan tabarma.

DAGA INA AKA FARO?

Mafi tsufan kayan saƙar zobe da aka tono a duniya a Masar aka same su: safa ta auduga, fari da shuɗin baba, wasu da ado mai siffar rubutun Larabci, waɗanda masana suka ce an yi su tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Da yawa daga masanan suna ganin ta hannun Musulmin Andalus sana'ar ta shiga Turai. Ashe ke nan ba baƙuwa ba ce gare mu kamar yadda ake zato.

A 1589 wani Bature mai suna William Lee, mutumin wani ƙauye kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera injin farko na saƙa safa, inda ya ba kowane zobe allurarsa, daidai da yadda kowane zobe yake da ƙusarsa a wasan yaran nan. Ana ba da labari cewa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ƙi ba shi takardar mallaka don tsoron kada masu saƙar hannu su rasa abinci. Abin da ya tabbata dai shi ne ya ƙaura Faransa da injinsa. Shekara ɗari biyu da 'yan kai bayan haka, a 1811, masu saƙar yankin Nottingham suka shiga farfasa irin waɗannan injuna da dare, saboda masu su sun karya kuɗin aiki suna fitar da kaya marasa kyau. A 1816 wani injiniya haifaffen Faransa mazaunin Ingila, Marc Brunel, ya jera allurai a kewaye ya sami inji mai saƙa bututu. Wajen 1849 kuma Matthew Townsend na garin Leicester ya yi rajistar allura mai harshe, irin wadda muka bayyana ɗazu.

Jikokin waɗannan injuna ne suke aiki yau a masana'antu, da allurai ɗaruruwa har dubbai a kewaye guda. Mai karatu ya cire safarsa ya duba: ba ɗinki a tsawonta, domin a bututu aka saƙo ta. Ya ja singiletinsa a gaban haske ya ƙura ido, zai ga layukan ƙananan zobba, kowanne ta cikin ɗan'uwansa, irin na jikin igiyar yaron nan sak, sai dai ƙanƙanta. Gani ya kori ji.

ME ZA A YI DA IGIYAR?

Kada a ce wasa ne kawai. Igiyar tana yin mazagin wando, da maɗaurin jaka, da hannun 'yar jakar makaranta. In ta yi tsawo a naɗe ta a kwance kamar gammo a bi da allura ana ɗinkewa, yadda mai faifai take naɗa nata tana ɗinkewa, a sami marfin kwano ko abin ɗora buta ko shimfiɗar ƙafa. In aka canja launi a tsaka, sai a ƙulla sabon zare da tsoho a tura ƙullin cikin bututu ya ɓace. Guntayen ulu da masu saƙar kayan jarirai suke zubarwa duk sun sami wurin shiga.

Sai dai akwai gargaɗi biyu, kuma ba na wasa ba ne. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake samu daga sinadaran man fetur. Yana kama wuta, in ya kama kuma narkewa yake yi ya manne a fata. Lokacin da ake sa wa yara kayan ulu kuwa shi ne lokacin da ake hura wuta a tsakar gida ana jin ɗumi. Iyaye mata a kula, a nisanta mai rigar ulu da garwashi da fitilar kananzir. Na biyu, doguwar igiya ba ta zama kusa da jariri ko mai rarrafe, kada ta naɗe masa wuya, katako mai ƙusa kuma a ajiye shi inda hannunsa ba ya kaiwa.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYE

Waɗanda suka yi firamare a da, har zuwa zamanin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, za su tuna darasin aikin hannu, inda ɗalibi yakan tuka igiya ko ya ɗaure tsintsiya ko ya saƙa mafici ya kawo a duba. A makarantu da yawa darasin ya koma sunansa kawai, wasu wuraren ma saye ake yi a kasuwa a kawo wa malam. A wancan zamani Arewa tana da masaƙunta: ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ciyar da dubban gidaje kafin ta tsaya a 2002. Yau in sanyi ya shigo, dilar gwanjo muke jira a kwance mu zaɓa wa 'ya'yanmu abin da 'ya'yan wasu suka gama sawa.

Ba mu ce ƙusa huɗu za ta tayar da masaƙar Kaduna ba. Abin da muke cewa shi ne, ƙasar da take son injiniyoyi sai ta fara da yaran da ba sa tsoron duba cikin inji. Yaron da aka saya wa mota mai batir ya koyi danna maɓalli. Wanda ya kafa ƙusa da hannunsa, ya ga zobe ya kuɓuce, ya gano dalili ya gyara, ya koyi cewa na'ura dabara ce da mutum irinsa ya shirya, shi ma zai iya. Ya koyi ƙirga, ya koyi bin tsari, ya koyi haƙurin jiran abin da bai fito ba tukuna. Kuma kada a ce aikin 'yan mata ne. A ƙasar nan maza ne masaƙa, maza ne masu saƙa taru, maza ne da yawa cikin masu aikin riga.

Gashuwa tana da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman mai horar da malamai, tana kuma da Jami'ar Tarayya tun 2013. Ba zai fi ƙarfin ɗaliban koyon malanta ba kowa ya fita da 'yar masaƙarsa a aljihu ya tafi da ita ƙauyen da aka tura shi. Shugabannin makarantun firamare na Nguru da Gashuwa kuma, guntayen katakon da kafinta ɗaya yake sharewa a mako sun ishi aji guda. Cibiyoyin koya wa mata sana'a, in hali ya yi, su sayi babba mai hannun juyawa ko guda ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa tun kafin kaka ta wuce, don hular da aka saƙa a Satumba ita ake sayarwa a Disamba.

Kai kuma maigida, in ka dawo daga kasuwa ran Juma'a, ka biya wurin kafinta. Guntun katako, ƙusa huɗu, curin ulu ɗaya. Ka zauna da yaran ku bi bayanin nan daki-daki, in zagaye na farko ya ƙi a warware a sake, zare ba ya fushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.